Daga Ƙararrawar Safe Zuwa Tashi: Yini Guda a Ajin Firamare a Tudun Wadar Gusau



Mutane da yawa sun san ƙofar makaranta, amma kaɗan ne suka san abin da ke gudana in an shige ta. Uba yakan ɗinka wa ɗansa kayan makaranta, ya ba shi kuɗin tara, ya ga ya fita da safe ya komo da azahar, shi ke nan sai ya ɗauka an yi karatu. Alhali kuwa tsakanin fitar nan da komowar nan akwai awa biyar ko shida, kuma a cikinsu ne ake yanke wa yaro hukunci: ko in ya girma zai karanta wasiƙarsa da kansa, ko kuwa sai ya ɗauke ta ya kai wa wani ya ji asirinsa. Saboda haka ya kamata mai karatu ya leƙa cikin ajin nan, ya ga yadda yini ke wucewa a makarantun Tudun Wada ta Gusau da na Tsafe da Bungudu, tun daga bugun ƙararrawar safe har zuwa tashi. Gani ya kori ji.

ASALIN AJI

Gusau gari ne da Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa a bakin Gulbin Sakkwato. Tun kafin a kafa shi kuwa akwai 'Yandoto nan kusa da Tsafe, wadda ta yi suna saboda malamanta da ɗalibanta. Karatu dai ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Abin da ya zo daga baya shi ne aji, watau ɗaki mai allon bango da benci da rijista, inda ake tara yara tsara ɗaya, a koya musu abu ɗaya a lokaci ɗaya.

An buɗe irin wannan aji a Nassarawa ta Kano a 1909, a hannun Baturen nan da Hausawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa. A 1921 Kwalejin Katsina ta soma horar da malamai. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau daga Zariya a 1927, ya zarce Ƙaura Namoda a 1929, sai garin ya zama matattarar auduga da gyaɗa, baƙi suka yi ta kwararowa, unguwanni irin su Sabon Gari da Tudun Wada suka yi ta bunƙasa. Kamfanoni suna neman akawu da mai awo, En'e tana neman malamin haraji da malamin asibiti, duk kuwa sai wanda ya iya boko da lissafi. Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya zo ya zauna Gusau a 1938 yana duba gundumomin gabashin ƙasar Sakkwato, shi kansa malamin aji ne da farko, a Midil ta Sakkwato.

A zamanin nan shekara huɗu ake yi a elementare, da Hausa ake koyar da kome, sa'an nan a zaɓi 'yan kaɗan su tafi Midil, tafiyar wajen mil 130. Ba don so iyaye suke ba da 'ya'yansu ba. Hakimi ne ke aike wa dagaci ya kawo yara kaza, wasu iyayen har ɓoye nasu suke yi a rumbu. A cikin shekarun 1950 aka ƙara babbar firamare, shekarun suka zama bakwai. A 1976 aka buɗe ƙofa ga kowa da shirin ilimin firamare kyauta, aka koma shekara shida. A 1996 aka ba Zamfara jiharta, Gusau ta zama hedikwata. A 1999 aka ƙaddamar da sabon shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, dokar 2004 kuma ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne, kuma tilas ne. Yau an daina ɓoye yara a rumbu. Matsalar ta juye: yara sun zo, wurin zama da malami ne ba su isa ba.

ƘARARRAWAR SAFE

Wajen ƙarfe bakwai da rabi yara kan fara ɓullowa daga lunguna, babba riƙe da hannun ƙarami, wani da jaka, wani da littafi ɗaya tak naɗe cikin leda. Ƙararrawar makarantu da yawa guntun ƙarfe ne da aka rataye a reshen dogon yaro, a kan naɗa yaro guda mai kula da bugunta, shi kuwa ji yake kamar an ba shi sarauta. Aikin farko shara ne. 'Yan mata su share ɗaki, maza su tsince fili, monita ya goge allo ya je ofishin hedimasta ya karɓo alli.

Sa'an nan a buga ƙararrawa ta biyu, kowane aji ya ja layi, gajeru a gaba dogaye a baya. A yi addu'a, a rera taken ƙasa. A nan akwai wani abin lura. A 2024 aka komo da tsohon taken da aka soma da shi a 1960 aka ajiye a 1978, saboda haka jika yau yana rera abin da kakansa ya rera a filin makaranta. Daga nan malamai su bi layi suna duba tsafta, yaro ya miƙa hannu a ga farce, ya buɗe baki a ga haƙora, a duba kai ko akwai makero. Wanda ya makara a tsare shi a ƙofa, ya yi tsintar takardu ko ya sha bulala biyu, ko da yake sau da yawa laifin ba nasa ba ne, aike ne aka yi masa ko kokon safe ne bai sauka da wuri ba.

In an shiga aji malam ya shigo, duka su miƙe su gaishe shi baki ɗaya, sa'an nan ya buɗe rijista ya yi kiran suna. Wannan rijista tana da tarihi. Da can in aka tara Muhammadu biyar da Abubakar huɗu a aji guda, sai a rarrabe su da sunan garinsu, har sunan ya bi mutum iyakar ransa. Ta haka ne aka sami irin su Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Gumi. Yau da sunan uba ake rarrabewa, amma aikin rijista bai sake ba. Ita ce kaɗai shaidar da ke faɗin wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma duk mai son ya san lafiyar makaranta, ita ya kamata ya fara buɗewa.

ALLO BIYU

Yawancin yaran da ke zaune a ajin nan ba da hannu wofi suka zo ba. Kafin su ga allon bango sun riga sun riƙe allon icce a makarantar allo, da asuba ko da yamma, wasu kuma suna zuwa Islamiyya. Sun san babbaƙu da sunayensu na Hausa, irin su ba guje, da ha kuri, da kaf lasan, da an baki wofi, da ɗa mai hannu. Wanda ya kai farfaru ya san wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a. Wannan yaro ya riga ya gano babban sirrin karatu, watau cewa alamar da aka zana tana da murya, in aka sa wa baƙi wasali sai ya yi magana.

Malami mai basira a kan wannan yake ɗora gininsa. Sai ya ce wa yara, ga ba ɗin da kuka sani, a boko ga kamanninta. Wasalin da kuke ɗorawa bisa ko ƙasa, a nan gefen baƙi ake ajiye shi, kuma guda biyar ne: a, e, i, o, u. Abin da ke rikita yaro a makon farko shi ne hanya, don can daga dama ake farowa, nan kuwa daga hagu. Ba abin mamaki ba ne a ga ya buɗe littafinsa daga baya, ko ya juya b ta zama d. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, hannu ne da ya saba da wata hanya, kuma haƙuri ke gyara shi.

Kowane rubutu a cikin biyun yana da inda ya fi. Ajami yana nuna dogon wasali, saboda haka garin da ake zama cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi kowanne da rubutunsa, boko kuwa ya haɗe su, sai mai karatu ya gane daga abin da ke kewaye. Boko kuma ya fi rarrabe o da u, ya kuma ba ɓ da ɗ da ƙ lanƙwasarsu tun cikin shekarun 1930, don kada a rikita bari da ɓari, ko kafa da ƙafa. Yaron da ya riƙe biyun ya yi riba biyu, zai karanta waƙoƙin malaman da, ya kuma karanta takardar asibiti.

DARASIN KARATU

Awoyin farko na safe su ne masu tsada, don a lokacin nan kan yaro a sake yake, rana kuma ba ta yi zafi ba. Shi ya sa aka fi sa karatu da lissafi a cikinsu. Malam ya rubuta baƙi a allo, ya haɗa shi da wasali ya zama gaɓa: ba, be, bi, bo, bu. Sa'an nan ya haɗa gaɓa da gaɓa ta zama kalma, baba, kaka, rana, tulu. Hausa tana da sauƙi a nan, gama kusan yadda ake faɗin kalma haka ake rubuta ta. Yaron da ya riƙe baƙaƙe da wasula sosai yana iya haɗa kalmar da bai taɓa gani ba. A elementaren da, a ƙasa ake fara rubutu da yatsa, sa'an nan a hau ɗan allon hannu, sa'an nan a kai ga alƙalami da tawada. Littattafai irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu su ne matakala, wanda ya haye su ya kai ga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, har ya riƙa karanta wa mutanen zaure Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ko Zaruma ta Lardin Sakkwato.

To, amma akwai wani rami a darasin karatu wanda mai wucewa ba ya gani. Malam ya nuna allo da sanda ya faɗa, yara su amsa baki ɗaya har ana ji daga bakin titi, mai wucewa ya ce lalle ana karatu. Alhali a cikin masu amshin nan wataƙila goma ne ke duban allo, sauran bakin na kusa da su suke bi. Yaro yana iya haddace shafi duka da ka, ya zuba shi ba tuntuɓe, in aka nuna masa kalma ɗaya daga tsakiya aka ce mece ce wannan, sai ya yi zuru. Ba a gane mai karatu cikin amshi, sai an kira shi shi kaɗai.

A nan ne yawan yara ke zama magana. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A yi lissafi: darasin minti 35 a ajin yara 35, in malam ya so ya ji muryar kowa, kowane yaro yana da minti ɗaya. In ajin ya kai yara 100, rabon kowa bai wuce daƙiƙa 21 ba, ko da malam bai yi bayanin kome ba. Ga shi kuwa makarantun cikin gari sun ƙara cika tun da rashin zaman lafiya ya koro mutanen ƙauyuka zuwa Gusau da Tsafe. Na gaba suna kan benci, na baya suna ƙasa, wanda ke can jikin bango ko rubutun allo ba ya hangowa. Malaman da suka san aiki sukan yi dabara. Su raba aji rukuni-rukuni, su zaunar da wanda ya iya kusa da wanda bai iya ba, su juya wurin zama kowane mako, su kira yara biyar yau biyar gobe har a zagaye. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma maganar karin harshe. Yaron Zamfara a gida yana jin shina da hwari da mi, littafi kuwa ya ce yana da fari da me. Malamin kirki ba ya yi masa dariya, ba ya kuma ce masa Hausar uwarsa kuskure ce. Sai ya nuna masa cewa haka ake faɗi a gida, haka kuma aka daidaita a rubuce don Bakano da Basakkwace da Bamaraɗe su karanta takarda ɗaya.

AN FITA TARA

Hutun safe sunansa tara, ko da ba ƙarfe tara daidai aka fita ba, kuma daga nan ne kuɗin tara ya samo sunansa. Da an buga ƙararrawa fili ya kaure. Masu talla sun riga sun jeru a gindin itace da ƙosai da awara da ɗan wake da hoce da ƙuli-ƙuli da rake. Maza su shiga langa ko su bi ƙwallon tsumma, 'yan mata su zana 'yar gala-gala ko su zauna carafke, wasu su yi da'ira suna gaɗa.

Mai lura zai ga abu biyu a nan. Na farko, akwai yaron da ke rakuɓe jikin bango ba ya sayen kome, kuma shi ne zai yi gyangyaɗi in an koma, gama ciki da yunwa ba ya riƙe karatu. Na biyu, a cikin masu tallan nan akwai 'yan mata tsarar waɗanda ke cikin aji. Suna ba da canji ba kuskure, sun iya lissafin da na cikin aji ke fama da shi, amma ba su san baƙi ko ɗaya ba. Tsakaninsu da allo taku goma ne. Haka nan kuma ba duk wanda ya fita tara ke komowa ba, musamman inda makaranta ba ta da katanga ko ruwan sha ko makewayi. Yaro ya ce zai je gida ya sha ruwa, sai gobe.

LISSAFI DA SAURAN DARUSSA

A ƙananan azuzuwa da tsakuwa ake ƙirga, ko marafan kwalba, ko 'ya'yan tsamiya, ko guntayen kara a ɗaure goma-goma don yaro ya ga yadda ɗaya-ɗaya ke taruwa su zama goma. Yaran da sun sha wuyar lissafin kuɗi, don kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, ga sisi ga taro ga anini. Sai malam ya ce, manomi ya sayar da auduga ta fam 2 da sule 5, ya biya bashin sule 18, nawa ya rage? Sai yaro ya fasa fam ya mai da shi sule kafin ya gano fam 1 da sule 7. Tun da aka koma naira da kwabo a 1973 wannan wahala ta kau. Wadda ta rage ita ce ta harshe. Yaron da ya san bakwai da takwas goma sha biyar ne, in aka yi masa tambayar da Turancin da bai ji ba, sai ya faɗi, a rubuta masa sifili a lissafi, alhali ba lissafi ne ya kayar da shi ba.

Bayan tara akan shiga sauran darussa, addini da Larabci, kimiyya, zaman jama'a, kiwon lafiya da motsa jiki. A elementaren da akwai labarin ƙasa da tarihi da aikin hannu da lambun makaranta, inda kowane aji ke da kunyarsa. Malaman zamanin nan sun san waƙa tana shiga kai fiye da bulala. Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta, ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su riƙe labarin ƙasarsu, garuruwanta da kogunanta. Da rana ta take kuwa sai aji ya yi nauyi. Da bazara kwanon rufi ya ɗauki zafi, da damina ruwa ya buga shi har ba a jin muryar malam, da hunturu ƙura ta shigo ta tagar da ba marfi. Ƙananan azuzuwa su kan riga manya tashi, ran Juma'a kuma kowa da wuri yake tashi.

DA WANE HARSHE?

Wannan tambaya ta daɗe ana juya ta. Elementaren da Hausa ce zalla, sai a Midil Turanci ke kankama. A cikin shekarun 1960 Turanci ya yi ta gangarowa zuwa ƙananan azuzuwa. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka soma wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, Turanci yana darasi guda. Da aka auna sai aka tarar ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko harshen da ake yi a wurin a ƙananan azuzuwa. A 2015 aka soma wani shiri mai suna RANA a jihohin Katsina da Zamfara, aka buga littattafan karatu na Hausa, aka horar da malaman aji ɗaya zuwa uku. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ce a yi shekara shida duka da harshen uwa, sa'an nan a Nuwamba 2025 ta soke wannan, ta ce a koma koyarwa da Turanci.

Manya suna can suna shawara, amma yaro ɗan shekara shida a Tudun Wada da harshe ɗaya ya zo, da shi yake tunani, da shi yake tambaya. Koyon haɗa baƙi sau ɗaya ake yinsa a rayuwa, kuma ya fi sauƙi a harshen da kunne ya riga ya sani, don in yaro ya haɗa tu da lu ya ji tulu, nan take ya san ya yi daidai. In ya iya wannan, da ƙafarsa zai shiga Turanci. Hausa tana nan cikin darussan firamare, saboda haka awarta ba abin wasa ba ce. Ita ce awar da bai kamata a ba da aronta ga shara ko aike ba.

MALAM

Duk abin da aka ambata a sama a wuyan mutum ɗaya yake rataye. Ƙasar Zamfara ta san darajar wannan mutum tun da daɗewa, gama a Maru, gaba da Bungudu kaɗan a kan hanyar Sakkwato, aka kafa makarantar horon malaman elementare. A can Malam Aminu Kano ya koyar a 1949 da 1950, kafin ya ajiye aiki ya shiga siyasa, Malam Abubakar Gumi ma ya koyar a can a lokacin. Har yanzu akwai Kwalejin Ilimi a Maru, a Gusau kuma akwai ta Tarayya mai horar da mata. Da can da takardar malanta mai daraja ta uku ko ta biyu ake shiga aji, yanzu kuwa mafi ƙaranci ita ce NCE.

Malamin da ya shirya darasinsa tun daren jiya daban yake da wanda ya shigo ya cika allo da rubutu ya ce a kwafa, ya fita ya zauna a inuwa. Yaro yana iya kwafar allo shekara uku da rubutu mai kyau, bai san abin da ya kwafa ba. Amma adalci ne a faɗi ɗaya gefen. Malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, hankalinsa rabi yana aji rabi yana gona ko kasuwa. Kuma al'adar tura sabon malami ko mafi rauni zuwa aji ɗaya, a ajiye gwanaye a aji shida saboda jarrabawa, kamar mai gini ne ya sa tubalin kirki a sama ya bar ɗanye a tushe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

GURBIN DA BA KOWA

In aka buɗe rijista za a ga kwanakin da layi ke yin giɓi. Da saukar damina an tafi shuka, da kaka an tafi girbi, ranar kasuwa an tafi talla, ran biki an tafi kallo. Shekarar karatu zango uku ce, kowane zango wajen mako 12 ko 13. Yaron da ke fashin kwana ɗaya kowane mako ya zubar da kashi ɗaya cikin biyar na shekararsa, watau fiye da rabin zango, kuma baƙin da aka koya ran da ba ya nan ba mai komowa ya koya masa.

A 'yan shekarun nan an sami wani dalilin fashi wanda ya fi waɗannan ɗaci. Ran 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandare ta Jangebe, aka sako su ran 2 ga Maris. Ran 1 ga Satumba na shekarar aka sake kwashe ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta ƙasar Maradun, gwamnatin jiha ta rufe makarantu duka. Yaron aji biyu a Tudun Wada, wanda ba a taɓa shi ba, shi ma ya zauna gida, abin da ya fara haɗawa ya warware. A ƙauyukan Tsafe da Bungudu kuwa akwai inda malami ke tsoron hanya, uba ke tsoron sakin ɗansa. A Nuwamba 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, aka shiga gyaran makarantu. Gyaran gini alheri ne, sai dai ba a auna amfaninsa da fenti. Da bakin yaro ake auna shi.

TASHI

Wajen ƙarfe ɗaya ko ɗaya da rabi a buga ƙararrawar ƙarshe, yara su yi waje da gudu kamar an buɗe wa awaki garke. A nan aikin malam ya tsaya, na gida ya tashi. Akwai jarrabawar da kowane uba da kowace uwa za su iya yi ba da ko kwabo ba. In yaro ya kai aji uku, a miƙa masa rubutun Hausar da ba na littafin makaranta ba, ko saƙon waya, ko takardar sanarwa, a ce ya karanta a ji. Sa'an nan a faɗa masa magana gajera, kamar an kai hatsi niƙa, a ce ya rubuta, a ba wani ya duba. Wanda ajami kaɗai ya iya, shi ma yana iya wannan, gama kunnensa zai gaya masa ko maganar ta fito ko ba ta fito ba.

In yaro ya karanta, a sa masa albarka, a kuma je a gode wa malaminsa, don godiya tana ƙara wa mai aiki ƙarfi. In ya kasa, kada a kai masa duka, kada kuma a jira sai aji shida. A je makaranta da ladabi a ce, Malam, a ina yaron nan ya tsaya, me za a yi masa a gida? A nemi ganin rijista, a halarci taron iyaye da malamai, a tambayi yara nawa ne a ajin, littafi nawa ne a hannunsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Allah ya ba yara basira, ya ba malamai haƙuri, ya zaunar da ƙasar Zamfara lafiya.